Amin Dubu, Ciniki Babu

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune ina jiran a kawo wuta, sai Facebook ya tono wani tsohon rubutuna ya ajiye mini a gaba, irin tunin nan da yake yi wa mutum ba tare da an roƙe shi ba. Hoton atamfa ne, turmi uku a jere kan darduma, wanda na ɗauka a tsakar gidan Yaya cikin Nuwamban 2017. Hoton bai dame ni ba. Abin da na rubuta a ƙarƙashinsa ne ya sa na waiga in ga ko akwai mai leƙen wayata: "Duk wanda yake fatan Allah ya ba shi ikon saya wa mahaifiyarsa irin wannan, ya rubuta Amin. Kada ka wuce ba ka rubuta ba."

An kuwa rubuta. Kafin gari ya waye Amin ta haura dubu, wayata ta yi zafi don shigowar saƙo, ni kuma ina ta yawo a gida kamar wanda aka naɗa sarkin kasuwa. Turmi ukun nan sun yi wata biyu a ƙasan akwatin Yaya. Daga ƙarshe ta ɗinka ɗaya, ta mayar da biyu Kantin Kwari aka canza mata.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara tara. A 2016, shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabi albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata, ta fara saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari tana sayarwa a gida. Ni kuma na gama hidimar ƙasa ina zaman jiran aiki. Wata rana ta ce da ni, "Auta, tunda kai ne ɗan bokon gidan, kuma kullum kanka na cikin waya, ka buɗe mana shafi mana." La'adata kuɗin data ne, sai yadin shadda idan Sallah ta zo.

Da farko kwaikwayo na yi. Na leƙa shafukan masu sayar da kaya na Legas da Abuja na kwaso salonsu ɗungurungum: Turanci, 'yan hotunan wuta da zuciya, jerin kalmomi masu alamar # da suka fi bayanin kansa tsawo, sannan a rufe da cewa mai son jin farashi ya biyo ta akwatin saƙo. Shiru kake ji. Masu sayen kayan Yaya matan Gwale ne da Ɗorayi da Rijiyar Zaki, malaman firamare, ma'aikatan asibiti, matan aure masu adashe. Na tsaya a ƙofar gidansu ina yi musu talla da muryar wani gari.

Ɓoye farashin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin har yau ana yi. Masu yi suna da hujja: kada maƙwabcin kasuwa ya ga kuɗinka ya karya, kuma farashin Kwari na iya canzawa tsakanin safiya da yamma idan dala ta motsa. Akwai kuma hujjar da ba a faɗa, wato a ga fuskar mai saye tukuna kafin a yanka masa. A rumfa wannan yana tafiya, domin a taya ne a ce albarka har ciniki ya faɗa. A waya kuwa, matar aure mai kunya ba za ta aika wa shafin da ba ta san mai shi ba saƙo a keɓe don kawai ta ji kuɗin zani. Za ta ƙiyasta a ranta cewa ya fi ƙarfinta, ta wuce. Ba za ka ma san ta zo ba.

Da Turanci ya ƙi, sai na koma ga abin da na ga yana tara jama'a a shafukan Hausa na lokacin. Ka rubuta Amin. Ka kira sunan mutum biyar. Idan kana son mahaifiyarka ka danna zuciya, idan mahaifinka ne ka danna babban yatsa. Dabarar tana aiki ne saboda yadda manhajar take lissafi. Ba ta nuna wa kowa duk abin da aka wallafa. Tana duba wanda mutane suka tsaya a kai, suka danna, suka yi sharhi, suka tura gaba, sai ta ɗauka abu ne mai muhimmanci ta ƙara watsa shi. Instagram ma a 2016 ya daina jera hotuna bisa lokacin da aka sa su, ya koma irin wannan zaɓe. To injin bai san bambancin Amin da "nawa ne" ba. Duka sharhi ne a wurinsa. Ni ma, don wauta, na daina bambance su. Mabiyan shafinmu suka ninka, yawancinsu samari ne irina marasa ko sisi, masu son uwayensu tsakani da Allah amma ba masu sayen leshi ba. Taron tsintsiya ba shara.

Wani dattijo da ban sani ba ya taɓa rubuta mini a ƙarƙashin irin wannan rubutu cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, addu'a ba ƙugiyar kamun kifi ba ce." Na goge sharhin nasa cikin fushi. Ya zauna mini a rai fiye da duk Amin ɗin.

Kamfanin kansa ya gaji da mu. A Disamban 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubuce-rubucen da ke roƙon a danna, a yi sharhi, a kira sunayen mutane ko a tura gaba ba gaira ba dalili, amma ya ware masu neman shawara ko taimako na gaskiya, kamar cigiyar yaron da ya ɓata. A Janairun 2018 kuma Mark Zuckerberg ya ce za a fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da kafofin labarai. Cikin 'yan makonni shafinmu ya yi tsit kamar kasuwa ranar Idi. Na shiga yi wa Yaya bayanin cewa Turawa ne suka canza lissafi. Ta ce, "Lokacin da lissafin yake daidai ɗin me muka sayar?"

Muna cikin wannan musu ne Goggo ta shigo. Ƙanwar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙanta. Ta yi kusan shekara arba'in tana dillanci a cikin birni, tun zamanin da yawancin matan aure ba sa fita kasuwa sai dai kasuwa ta same su a ɗaki: ƙunshi a ka, gida-gida, zannuwa da kwanuka da sarƙoƙi, sabo da na hannu. Ba ta karanta boko ba, kuma waya a wurinta ta amsa kira ce kawai. Ta zauna, aka kawo mata ruwa, ta ji muna ta ambaton shafi.

"Kai ɗan nan, karanta mini abin da kake ce musu a cikin akwatin nan."

Na zaɓo wanda nake ganin ya fi kyau na karanta mata. Sallama ce mai tsawo, da fatan kowa ya tashi lafiya, sannan albishir ga ɗaukacin al'umma cewa sababbin kaya masu inganci da rahusa sun iso, sai wanda ya gani.

Ta ce, "To da wa kake?"

Na ce, "Da mutane mana, Goggo."

"Waɗanne mutane? Ni tunda nake ban taɓa sayar wa mutane kaya ba. Wance nake sayar wa."

Daga nan ta warware mana yadda take yi, ni kuma ina ji kamar ana karanta mini laifuffukana. Ta ce kafin ta ɗaura ƙunshi ta riga ta san gidan da za ta da abin da ake ciki a gidan: wadda ta kusa haihuwa tana neman zanen fitar suna, wadda za ta aurar da 'ya tana tara kayan ɗaki, wadda aka yi wa kishiya lefe ita kuma tana son a ga ba a bar ta a baya ba. Idan ta shiga ba ta zazzage kaya duka. Guda ɗaya take zarowa, wanda ta zo da shi domin matar, ta ɗora mata a cinya. Sai ta faɗi abu uku: ga abin da yake, ga kuɗinsa, ga kuma aibinsa. Na ce aibi kuma, Goggo, a talla? Ta dube ni da tausayi. Ta ce, "Zani dai ruwa zai shiga. Abin da ka ɓoye ruwa zai faɗa, kuma a gaban kishiya zai faɗa. Gara ka riga shi." Game da kalmomina na inganci da rahusa kuwa, cewa ta yi ko mai sayar da ruɓaɓɓen tumatir haka yake cewa, don haka ba su da nauyin komai.

Ta sa Yaya ta ɗauko wata atamfa mai ja da ruwan ƙwai da ta daɗe ba ta fita ba. Ta murza bakinta da yatsu, ta sa aka yanko ɗan ƙyalle aka wanke sau biyu a gabanta. Sannan ta ce in rubuta. Ga abin da ta yi mini shifta, ban ƙara komai ba sai alƙaluma:

"Maijego mai neman zanen fitar suna, ga wannan. Yadi 6, naira 4,500. Ba Super ba ce, kada a ce mun ce. Mun wanke ƙyallenta: wankin farko ta ɗan saki ja, na biyu ruwa fari tas. A wanke ta ita kaɗai ranar farko."

Na sa shi ina jin kunya, domin a ganina ya yi tsirara, ba ado ba kirari. Waɗanda suka danna alamar so ba su kai talatin ba. Amma mata bakwai suka yi tambaya, kuma tambayar masu niyya: akwai mai kore, za ta yi riga da zani da ɗankwali har a sami ragowa, nawa ne kuɗin aikawa Dutse. Kafin Juma'a turmi huɗu sun fita. Ɗaya daga cikin matan ta ce abin da ya sa ta saya shi ne maganar jan nan da aka faɗa mata, domin wanda ya gaya maka wannan ba zai ɓoye maka wani abu ba.

Sai daga baya na lura cewa shiftar Goggo ta dace da wani abu na fasaha da ita ba ruwanta da shi. Manhajojin nan ba sa nuna rubutu duka. Instagram yana ba ka damar rubuta haruffa har 2,200, amma abin da mai wucewa yake gani layi ɗaya ne ko biyu, wajen haruffa 125, sauran sai ya danna. Facebook ma yana datse dogon rubutu. Twitter a lokacin bai daɗe da faɗaɗa iyakarsa daga haruffa 140 zuwa 280 ba. Ke nan layin farko shi ne ƙofar rumfa. Goggo ta sa mai saye da buƙatarta da farashi a bakin ƙofar. Ni kuwa gaisuwa nake jibgewa a wurin.

Nan muka yi doguwar taƙaddama da Yaya, kuma har yau ban ce ta yi kuskure ba. A wurinta, ka buɗe baki ka fara da farashi ba sallama rashin tarbiyya ne. Mu mutane ne da ko bashi ka zo karɓa sai ka tambayi gajiya da iyali da sanyi tukuna. Ta ce ba za a mayar da ita marar kunya a idon duniya saboda layi biyu ba. Ni kuma na ce gaisuwar da aka yi wa kowa da kowa ba wanda yake jin an gaishe shi, kuma duk shafukan da ke gefenmu da ita suke farawa, har ido ya saba tsallake ta. Goggo ce ta raba gardamar a wata zuwa da ta yi. Ta ce ai mai talla a titi ba ya sallama, kayansa yake kira. Sai an ce ya kawo, ya shigo zaure, sannan ake gaisawa. Muka tsaya a kan haka. Rubutun ƙarƙashin hoto kiran talla ne, gajere, kai tsaye. Duk wadda ta amsa kuwa, ko da kalma ɗaya ce, Yaya za ta karɓe ta da cikakkiyar gaisuwa: Hajiya barka da yamma, ya yara, ya hidima. A nan na gane cewa rabin rubutun ba a ƙarƙashin hoto yake ba, a cikin amsoshi yake. Mata da yawa sun gaya wa Yaya cewa sun yi makonni suna karanta yadda take amsa wa wasu kafin su yi ƙarfin halin yin magana. Kuma tambayar da ta kwana ba amsa, da wuya mai ita ta dawo.

Game da jefa tambaya a ƙarshen rubutu, wadda duk masu koyar da harkar nan suke cewa a yi, na gwada iri biyu. Akwai tambayar da ba ka buƙatar amsarta, irin su "ya kuka gani?" ko "wa ya shirya wa Sallah?" Wannan ƙanwar Amin ce, ta sa hijabi kawai. Akwai kuma wadda ta fito daga matsala ta gaske. Wata rana Yaya tana tsaye a Kwari, kuɗin hannunta na turmi 10 ne, ga zane ɗaya launi biyu, ta rasa wanda za ta ɗauka. Ta turo mini hoto, na rubuta yadda abin yake: kuɗinmu na turmi 10 ne kacal, kore ko ruwan goro, nan da La'asar za mu biya. Mata suka yi ta kai-kawo a junansu, wata ta ce ruwan goro yana ɓoye datti ga mai goyo, wata ta ce kore ya yi yawa a gari bana, wata ta kawo maganar irin mayafin da zai hau. Aka sayo ruwan goro. Waɗanda suka zaɓe shi suka ji kamar da su aka je kasuwar, kuma su ne suka fara saye. A ido tambayoyin biyu kamarsu ɗaya. Masu karatu dai ba sa ruɗewa, suna gane wanda yake jiran amsarsu.

Harshe kuwa tuni muka koma Hausa zalla. Tun 2016 Facebook ya sa Hausa cikin harsunan manhajarsa, amma ba wannan ne dalilinmu ba. Dalilinmu shi ne da ita ake ciniki. Na daina taƙaice-taƙaicen samari irin su "slm" da "ngd", domin manyan mata suna ganinsu a matsayin raini. Na kuma koyi rubuta kalmar naira a gaban kowane farashi tun ranar da wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaye mu jaka nawa, muka yi ta magana ba mu fahimci juna ba: ita tana nufin sefa 1,000, Yaya kuma jakar da ta sani tun tana yarinya naira 200 ce.

Kada mai karatu ya ɗauka na shiryu daga ranar. Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah ta 2019, muna da wani leshi turmi ashirin a ɗaki ya ƙi motsi. Na karanta a wani wuri cewa mutum ya fi zabura idan ya ji abu zai ƙare. Sai na rubuta, ba da sanin Yaya ba, cewa saura biyu kacal. Ya yi aiki fiye da yadda na so. Mata shida suka sayi "biyun ƙarshe", kowacce tana godiya an ajiye mata. Abin da ban lissafa ba shi ne Kano babban gari ne amma ƙaramin gida: uku daga cikinsu Islamiyya ɗaya suke zuwa. Bayan Sallah suka haɗu a aji, leshi iri ɗaya, labari iri ɗaya. Babbarsu ta kira Yaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Maman yara, ashe ku ma kun fara?" Yaya ta ajiye waya ta kira ni ɗakinta. Ba ta ce Auta ba ranar, cikakken sunana ta kira. Ta ce sunanta ne a kan shafin ba nawa ba, kuma ita za ta haɗu da matan nan a gidan biki da gidan rasuwa har ƙarshen rayuwarta. Biyu daga cikin ukun sun dawo bayan an ba su haƙuri. Ta ukun ba ta sake sayen ko ɗankwali a wurinmu ba, kuma mace ce mai 'ya'ya mata biyar.

Sannu a hankali cinikin ya bar Facebook ya koma WhatsApp. Tun Fabrairun 2017 aka fito da sitatus, wanda yake ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganin naka sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Wato taro ne ƙarami na waɗanda suka yarda da kai tun farko, kusan irin gidajen da Goggo take shiga. A can rubutun ya ƙara gajarta, suna da yadi da farashi, sauran bayani Yaya ta yi shi da murya ga wadda ta tambaya, domin da yawa daga cikin masu sayenta sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutu. Lokaci ma muka koya daga rayuwar matan, ba daga jadawalin Turawa ba: bayan Isha'i idan an sallami yara da maigida, sai ƙarshen wata idan albashi ya shigo, a azumi kuma bayan sahur kafin barci ya dawo. Da aka rufe Kano a Afrilun 2020 saboda korona, azumi ya kama, Kwari a garƙame, kayan da ke ɗakin Yaya ta sitatus suka ƙare kaf, ana aikawa a ranakun da aka sassauta fita. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida, ni na rikice, ita kuwa ta jawo wani tsohon littafi mai layi-layi da take rubuta sunan kowace mai saye da lambarta da abin da ta taɓa saye, ta kira mutum uku da ta san suna da biki a gaba.

Yanzu na sami aiki, shafin yana hannun babbar 'yar Yaya. Zamani ya koma na bidiyo, TikTok da ire-irensa, rubutun ma ya hau kan hoton kansa, kuma daƙiƙun farko na bidiyo su ne suka gaji matsayin layin farko. Ƙugiyar ba ta mutu ba, riga ta canza: ba za ku yarda da abin da ya faru ba, ku tsaya har ƙarshe, faɗan ƙarya tsakanin mutum biyu da suka shirya abinsu tun a gida. Ba zan ce ba ta biya ba. Wanda hajarsa ita ce taron kansa, wanda kamfanoni ke biya don yawan masu kallonsa, shi kam ya san abin da yake sayarwa, sai dai a yi masa maganar halal da haram. Abin da ke ba ni tausayi shi ne mai turaren wuta ko mai kilishi ko mai ɗinkin hula da yake kwaikwayon waɗannan, yana murna da alƙaluman da ba za su taɓa zama alat a wayarsa ba. Ni ma na yi shekara guda a wannan rami ina ƙirga Amin.

Kwanakin baya 'yar tawa ta nuna mini wani rubutu da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa mata cikin daƙiƙa biyar. Hausar ba laifi. Sababbin kaya masu inganci da rahusa, ga ɗaukacin masoyanmu, kada ku bari a ba ku labari. Na yi dariya har ta ji haushi. Na ce, "To da wa kike?" Ta ce, "Kawu, da mutane mana." Na ce ta zauna, akwai labarin wata kakarta da ba ta yi wayo da ita sosai ba.

A daren Talatar nan dai wuta ba ta zo ba. Na ɗora yatsa zan goge tsohon rubutun, sai na ce bari in ɗan leƙa sharhin tukuna, tunda a wancan lokacin adadinsu kawai nake dubawa, ban taɓa bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Amin. Amin ya Allah. Amin summa amin. Na yi ta ja har yatsana ya gaji. Can wajen tsakiya, tsakanin Amin ɗin wani da ta wani, sai ga wata mata ta rubuta: "Salam. Don Allah ta tsakiyar nawa ce, kuma kuna aikawa Gusau? Bikin ƙanwata saura sati uku." Ba amsa a ƙarƙashinsa. Kwana biyu bayan nan ta sake rubutawa, "Ina jira."

Na daɗe ina kallon wayar. Sannan na rubuta mata: Hajiya barka da dare, ya iyali. Ki yi haƙuri, sai yau na gani. Allah ya sa an yi biki lafiya.